Ƙullin da ke Gindin Gada

A wani daji da kogi ya raba biyu, akwai wata gada ta igiya da kaba. Ba a san shekarar da aka fara ta ba, an dai san wanda ya fara. Kakan Jatau ne, kabare, irin tsuntsayen nan masu ruwan ɗorawa da ke saƙa sheƙa da baki. Shi ya gano wani ƙulli da ba ya kwancewa ko giwa ce ta taka. Bai ɓoye ba. Ya zana yadda ake yin sa a jikin dutsen da ke bakin gada, a ƙasan zanen kuma ya sa sharaɗi: kowa ya hau, kowa ya koya, kowa ya gyara, wanda ya faɗa ruwa kada ya nemi masaƙi.

Dabbobi suna ji da wannan dutse. In baƙo ya zo, nan ake fara kai shi, a ce masa, "Mu nan ba ma ɓoye komai." Baƙo ya jinjina kai, a wuce. Jatau bai taɓa ganin wanda ya tsaya ya bi zanen har ƙarshe ba.

Ƙulli da yawa ne a gadar, amma guda ɗaya ya riƙe sauran. Yana can ƙasa, inda igiya ta zagaye saiwar tsamiya, wurin da rana ba ta kaiwa, ga laima ga sauro. Kafin kowace damina sai an kwance shi an sake da sabuwar kaba, in ba haka ba ya ruɓe. Kakan ya yi, uban ya yi, yanzu Jatau ne. Ba wanda ya naɗa shi. Ranar da ubansa ya mutu ya sauka ya duba, shi ke nan, aikin ya maƙale masa.

Bana bakinsa ya tsage. Tsaguwar ba ta da girma, amma in ya ja kaba sai ya ji ta har cikin ido. Abin da ya rage masa na ƙarfi aiki ɗaya zai iya: ko ƙullin gada, ko sheƙar gidansa. Damina uku ke nan shi da matarsa Dudu suna zaman aro a tsohuwar sheƙar wansa, wadda ke yoyo ta gefe.

Wata safiya Dudu ta tare shi a kan reshe, ta ce, "Ka ga hadarin jiya a gabas?"

Ya ce, "Na gani."

"To ƙwai ba sa jiran gada. Bara ƙwai biyu ruwa ya cinye mana. Bana ba zan saka su a gidan aro ba, na gaya maka."

Ya juya yana kallon gada.

Ta ce, "Wai ni tambaya ɗaya nake da ita. Kai da kake da fiffike, me ya haɗa ka da gada? Ka taɓa hawanta?"

Bai taɓa ba. Ya daɗe yana jin akwai dalili, amma da ya laluba bai same shi inda yake zato ba.

Ranar da majalisar dabbobi ta zauna a inuwar kuka, Jatau ya je. A hanya wata akuya ta tsayar da shi ta ce gadar tana girgiza, yaushe zai gyara. Wani jaki ya ce ta yi masa ƙunci, tun bara ya yi magana ba a kula shi ba, wannan wane irin aiki ne. Jatau ya ce musu zai duba. Kullum abin da yake cewa ke nan.

Iya Giwa ce ke shugabantar zama. Da aka ba Jatau dama, ya hau kan wani kututture don a gan shi, ya ce:

"Ranki ya daɗe, maganata gajeruwa ce. Akwai ƙulli a gindin gada. In ba a sake shi kafin ruwan farko ba, zai ruɓe. Bakina ya tsage, kuma ba ni da sheƙa. Ina roƙon a ba ni ɗaya, ɗaya tak, wanda zai sauka ya karɓi aikin. Zan koya masa. Shi ke nan."

Iya Giwa ta kaɗa kunne ta ce, "Madalla. Wa ke da magana?"

Kowa yana da ita.

Aku ne ya fara, domin shi ne kakakin masu son gada, kuma duk dajin ba wanda ya kai shi haddace sharaɗin dutse. Ya gyara gashin wuya ya ce:

"Jama'a, kada kowa ya tsorata. Wannan gada ba ta mutum ɗaya ba ce, ta kowa ce. Asirinta a fili yake. Dabba nawa ke bi ta kanta kullum? Kowace da ido biyu. Abin da idanu masu yawa haka suke kallo, ɓarna ba ta da wurin ɓuya a cikinsa. Ni ban ma yarda a riƙa ce mata gadar kyauta ba. Kyauta abin da ake ba maroƙi ne. Sunanta gadar 'yanci, kuma ina so a rubuta haka yau."

Aka yi tafi. Jatau ma ya so ya yi, don maganar ta yi daɗi, sai ya tuna bai ji inda aka ambaci ƙulli ba.

Dorina ta yi gyaran murya daga gefen ruwa. Ita tana da kwalekwalen fito, rufaffe ruf da tabarmi, wanda ya shiga ba ya ganin yadda ake tuƙi, kuma an hana tambaya. Ta ce:

"Ni dama na sha faɗa. Abin da kowa ke sa wa hannu ba shi da mai shi. Ku dubi kwalekwalena. Ba na nuna wa kowa cikinsa, shi ya sa ba wanda ya taɓa ganin aibinsa. In gadarku ta gaji, ku bar ta ta huta. Ƙofata a buɗe take."

Wani zomo daga baya ya ce, "Hajiya, ai ƙofar ce kullum a rufe."

"In ka shiga ake rufewa, ɗan nan. Don lafiyarka."

Sai Kura ta miƙe. Ita ce ta kafa rumfa a bakin gada, ta shafe ta da farar ƙasa, ta sa mata suna Mashigar Kura, har yara da yawa sun ɗauka ita ta saƙa gadar. A rumfar akwai inuwa da ruwan sanyi, ba a karɓar komai. Tambayoyi kawai ake yi wa mai wucewa: ina za ka, wurin wa, yaushe za ka dawo, wa ka bari a gida. Awaki sun fi kowa yabon rumfar. Kura ta ce:

"Mu a kamfaninmu muna ƙaunar gada. Duk wanda ya shiga rumfata ya ga mun rubuta haka a bango. Malam Jatau ɗan'uwanmu ne. Don haka na zo masa da wannan."

Ta ɗaga wani ganye da aka buga sawun ƙafarta a kai, ta ce ya rataya a wuya, kowa ya san tare suke. Aka sake tafi. Jatau ya karɓa, ya juya shi gaba da baya, bai gane me ake yi da shi ba, amma ya rataya.

Daga nan birai suka kaure da gardama. Su kam sun taɓa koyon ƙulli, rabinsa, shekarun baya, amma suka rabu gida biyu a kan ko ta dama ake fara zagaye ko ta hagu. Kowane ɓangare ya tafi ya kafa gadarsa, kowace ta kai tsakiyar kogi ta tsaya. Yanzu 'yan dama suka ce ƙullin Jatau tsohon yayi ne, a rushe a fara sabo. 'Yan hagu suka ce sun yarda a rushe, amma ba don dalilin 'yan dama ba. Rana ta take tsaka ana wannan.

Jatau ya sake hawa kututture ya ce, "Ranki ya daɗe, ƙullin."

Iya Giwa ta ce, "Af, ƙullin. To, cikinku wa ya sauka ya gan shi kwanan nan?"

Kowa ya dubi na kusa da shi.

Ta dubi Aku. Aku ya ce shi aikinsa wayar da kai ne, ya ɗauka birai na dubawa. Birai suka ce sun ɗauka Kura na dubawa, tunda rumfarta ce a kansa. Kura ta ce ita ta dogara da idanun nan masu yawa da Aku ya lissafa. Zomo ya ce shi ya sha kallon gadar, amma daga sama, kuma ƙafafunsa yake kallo.

Dorina ta yi dariya har ruwa ya motsa. "Kun ji ko? Na gaya muku."

Jatau ya ce, "Hajiya, igiyar da kike jan kwalekwalenki da ita, a jikin wannan ƙullin kika ɗaure ta."

Dorina ta ce wannan sirrin sana'a ne, bai kamata a faɗa a taro ba, ta nutse sai hanci.

Jatau ya zaci yanzu an gane. Ya jira. Manyan suka haɗa kai, suka yi ƙus-ƙus, sannan Iya Giwa ta sanar da abin da aka yanke. Za a ba Jatau sarautar Sarkin Ƙulli. Za a sassaƙa sunansa a jikin dutse. Za a kafa kwamiti ya duba sunan gada, kyauta ce ko 'yanci, ya kawo rahoto bayan damina.

Jatau ya ce, "Wanda zai sauka fa?"

"Ai ƙofa a buɗe take ga kowa, Sarki," in ji Iya Giwa. "Mai so ya faɗa."

Dabbobi suka shiga kallon ƙasa. A ƙasan ne kuwa wata 'yar murya ta fito.

"Ni zan karɓa."

Gara ce. Jatau ya san ta. Shekara biyu ke nan yana tarar da ita a gindin tsamiya, tana gaishe shi da ladabi, wani lokaci ta nuna masa inda igiya ta yi laushi, kuma kullum gaskiya take faɗa. Ba ta taɓa yi masa ƙorafi ba. Ta matso gaba ta ce:

"Iyayena, ni ƙarama ce, ban iya dogon jawabi ba. Ina zaune kusa da wurin, laima ba ta damuna, duhu ba ya damuna. Na karanta zanen dutse tun daga farko har ƙarshe. Ina da 'yan'uwa da yawa, duk masu son aiki. Ba na neman sarauta, ba na neman suna a dutse. Baba Jatau ya huta."

Wannan karon tafin ya fi na ɗazu, har da masu share hawaye.

Jatau ya ce, "Ranki ya daɗe, ba ina ƙin ta ba ne. Amma gada kaba ce da igiya. Ita kuma..."

Aku ya katse shi. "Ita kuma me? Dutse ya ce kowa. Bai ce kowa ban da wance ba. Yau ka samu sarauta, har ka fara zaɓen wanda zai taɓa gada?"

Kura ta ce, "Kai ka ce ɗaya kake so. Ga ɗaya, ga ma ƙari."

Jatau ya duba taron. Yana neman fuska guda da za ta ce, bari ni in sauka maimakonta. Akuyar ɗazu tana tauna. Jaki yana kallon sama. A saman kuwa gabas ta yi baƙi, iska ta fara kaɗa ganyen kuka, kuma can a reshen ƙarshe ya hango Dudu zaune.

Ya kasa gane inda kuskuren yake. Kakansa ya rubuta kowa, kuma ya yi daidai. Aku ya karanta daidai. Gara ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba. Ya sake bin maganar daga farko, ya sake fitowa wuri ɗaya.

Suka sauka gindin tsamiya shi da ita. Ya nuna mata inda ake fara zagaye, da inda ake cusa bakin kaba, da inda ake ja. Sau ɗaya ya nuna, ta gane. Tun da yake bai taɓa samun mai saurare kamarta ba, har ya ji daɗi, kuma daɗin ya ba shi tsoro. Ta shafa igiyar a hankali ta ce, "Kaba mai kyau ce, Baba. A ina kake samo ta?"

Ya gaya mata.

Ya cire ganyen Kura daga wuyansa ya ajiye a kan saiwa, ya tashi. Da ya kai tsakiyar kogi ya waiwaya. Gadar cike take da masu komawa gida daga taro, suna ta muhawara a kan suna. Ya yi kamar zai juya, sai ɗigon farko ya sauka masa a ka. Ya wuce wurin Dudu, suka fara tsinko ciyawa.

A gindin kuka, kafin manya su watse, Iya Giwa ta tuna ba a yi maganar abin da sabuwar ma'aikaciya za ta riƙa ci ba, ta aika zomo ya tambayo. Zomo ya dawo da amsa. Gara ta ce a gode wa majalisa, kada kowa ya wahalar da kansa, za su ci a wurin aiki.