Motar Soja a Lungun Gidan Ango

Ko da zan manta da komai a rayuwata, ba zan taɓa mantawa da ranar jeren Hauwa, ƙanwar matata, ba. In ma na so in manta, mutanen ƙauyen angon ba za su bari ba. Amma bari in faro muku daga kan motar, domin ita ce ta ja mini.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, ya saye ta ne a gwanjon tsofaffin motocin soja tun ina ƙarami. Mota ce koriya, doguwa, mai manyan tayoyi, sai ka yi hawa kamar mai hawa rumbu kafin ka kai kujerar direba. Nufinsa ya riƙa dakon gyaɗa da ita zuwa Kano. Janyo ta aka yi har ƙofar gidanmu, a ƙauyenmu da ke gabas da Ɗambatta, aka ajiye ta a gindin tsamiya, kuma tun daga ranar ba ta ƙara motsawa ba. A cikinta muka yi wasan ɓuya, a cikinta kajin unguwa suka yi ta ƙyanƙyasa. Duk shekara Baba sai ya ce in an yi kaka zai tashe ta. Har ya koma ga Allah bai tashe ta ba.

Da aka zo rabon gado, Yaya Sani, babban wanmu, ya kawo shawarar a kira 'yan gwangwan su yayyanka ta su auna. Ban san lokacin da na ce a saka ta a rabona ba.

Yaya ya dube ni sama da ƙasa. "Kai da ko kacar keke ba ka iya mayarwa ba?"

Na ce, "Yaya, da yardar Allah sai ta taka titi."

(Ku sani, ni taki da maganin feshi nake sayarwa. Tuƙi dai na iya, amma abin da na sani game da cikin inji bai wuce a zuba mai a murza makulli ba.)

Na ɗauko Ɗanliti, abokina tun firamare, wanda yake kanikanci a Ɗambatta. Ya zagaya ta, ya kwanta a ƙarƙashinta, ya fito da kashin kaji a hularsa ya ce, "Wannan ƙarfen gaske ne, mutumina. Za ta tashi." Daɗi ya kama ni. Sai daga baya na gane haka yake ce wa kowace mota.

Daga nan na shiga yawon neman kayan gyara. Duk abin da Ɗanliti ya kwance ya ce ya mutu, sai in saka shi a buhun taki in hau bas zuwa Kano, in shiga kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa ina bi rumfa rumfa. Wani ya juya ƙarfen a hannunsa ya ce, "Malam, a ina ka tono wannan?" Wani ya kira maƙwabcinsa su zo su yi kallo. Akwai wani dattijo da ya riƙe famfon man ya daɗe yana murmushi, ya ce rabonsa da ganin irinsa tun yana yaron shago. Na ce to akwai? Ya ce babu, amma ya ji daɗin ganinsa.

Ban karaya ba. Lagireto na samo shi daga jikin wani mataccen janareto na gidan casar shinkafa, Ɗanliti ya yi masa ƙafafu da walda. Tayoyi kuwa sai da na je wani ƙauye bayan Minjibir, inda aka ce akwai 'yar'uwar motar a yashe. Na tarar mai ita ya mayar da ita garken awaki. Ya yarda ya sayar mini da tayoyin da famfon birki, bisa sharaɗin in jera mata bulo a ƙasa kada ta karkace awakinsa su tsorata. Ni na jera bulon da hannuna. A hanyar dawowa kuma baƙin mai ya tsiyaye daga buhuna ya ɓata wa wani bawan Allah farar shadda a cikin bas, na sha faɗa tun daga nan har tasha.

Binta, matata, ta daina tambayata ina za ni. Da ta ga na ɗauki buhu sai ta ce, "Baban Amira, a gai da mutanen Ƙofar Ruwa." Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ina nan ina fama.

Ranar da injin ya tashi kuwa, ba na jin na taɓa farin ciki irin nata. Ya yi tari, ya yi tari, sai ya ɗauka da wani ruri da ya sa kaji suka watse, baƙin hayaƙi ya turnuƙe tsamiyar. Inna, mahaifiyarmu, ta fito zaure tana gyara mayafi. Ta tsaya tana kallon motar tana karkarwa, sannan ta ce, "Allah sarki Malam. Ina ma yana nan." Ta share ido ta koma ciki. Ni ma sai da na juya na yi kamar hayaƙin ne ya shigar mini ido.

Saura abu ɗaya. Motar ba ta da ribas. A cikin akwatin giyarta akwai wani ƙarfe mai haƙora wanda shi ne yake mayar da ita baya, to haƙoran duk sun cinye. Na yi yawo da shi har na gaji, babu. Wani mai walda ya ɗora masa sababbin haƙora, muka mayar, ya yi aiki sau ɗaya ya koma gurnani. Ɗanliti ya ce, "Rabu da shi, ai gaba ake so. In za ka juya, ka nemi fili ka yi kwana." Haka na riƙa yi a filin ƙwallon makaranta, ina zagayawa kamar mai koyon tuƙi, kuma ban faɗa wa kowa ba. Ko Binta ba ta sani ba.

Ana haka bikin Hauwa ya taso bayan kaka. Na ji surukina, Baba Alhaji, yana maganar a nemo motocin da za su kai kayan ɗaki garin ango. Ina durƙushe a gabansa bakina ya riga hankalina.

"Baba, ai ba sai an nemo ba. Motata za ta kwashe duka a sawu ɗaya, har da 'yan jeren."

Ya dube ni. "Motar nan ta gindin tsamiya?"

"Ita fa, Baba. Ai ta tashi."

"To, madalla. Allah ya yi albarka."

Ban yi sakaci gaba ɗaya ba, a yi mini adalci. Na kira angon a waya na tambaye shi ko akwai fili a ƙofar gidansu. Ya ce, "Akwai fili sosai, Yaya." (Angon babur yake hawa. Da na tuna wannan, da na ƙara tambaya.)

Ranar jere na wanke ta tas. Aka loda gado da katifa da kujeru da kwanuka da buhunan gara, mata suka hau baya suka zauna a kan tabarmi, Binta a cikinsu. Hajiya Gwaggo, yayar Baba Alhaji, wadda ita ce shugabar tafiyar, aka tallafa mata ta hau gaba kusa da ni. Mace ce da ba ta ɓoye abin da ke bakinta. Ta dafa ƙofar ta ce, "Mijin Binta, in dai ka kai mu lafiya, na janye duk abin da na faɗa a kan motar nan." Ban tambaye ta me ta faɗa ba.

Tafiya ta yi kyau. Duk ƙauyen da muka ratsa sai an fito kallo, ni kuwa na ɗora gwiwar hannu a taga ina danna oda. Da muka iso garin ango aka nuna mini wani lungu, danga ta dama, danga ta hagu, motar tana gogar su tana shiga. Lungun ya yi tsawo. Na ce a raina ai akwai fili a gaba.

Muka iso filin. Masallaci a dama, rijiya a hagu, dangar gidan ango a gaba. Ko jaki ne da mangala sai ya yi dabara kafin ya juya a wurin.

Aka sauke kaya ana guɗa. Maza suka kewaye motar suna shafa ta, ni kuma, maimakon in yi ta addu'a, sai na tsaya ina ba su tarihinta, har da cewa irin wannan ba ta san yashi ba, ba ta san taɓo ba. Ina cikin zuba sai mai unguwarsu, wani dattijo mai nauyin ji, ya matso ya ce, "Malam, a ɗan ja ta baya. Ta tare ƙofar masallaci, ga la'asar ta kawo kai."

Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Sai na ce a raina wataƙila waldar nan ta kama yau, albarkacin biki. Na hau, na tashe ta, na taka kuloci, na ja sandar giya da bismillah. Ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Na sake ja da ƙarfi, na ji ta faɗa wani wuri. Na leƙa ta taga na ce wa mutanen da ke baya, da murya irin ta manyan direbobi, "A kauce daga baya!"

Suka kauce. Na saki kuloci. Mota ta yi tsalle gaba.

Kafin in taka birki ta kwantar da dangar gidan ango gaba ɗayanta. A bayan dangar nan kuwa nan matan gidan suka kafa murhun biki. Sai ga su a fili, wasu da ɗaurin ƙirji, kowa ta yi ta kanta tana salati tana neman mayafi. Allah ya tsare ba wanda ya ji ciwo, tukunyar miya ɗaya ce ta kife. Kakar ango ce kaɗai ba ta gudu ba. Tana tsaye da muciya a hannu, hancin motar yana huci a gabanta, tana kallona ta gilashi.

Na kashe inji. Hajiya Gwaggo ta fito daga ɗakin amarya ta tsaya a gefen taga.

"Mijin Binta, baya aka ce maka."

Na sunkuyar da kai. "Gwaggo, ba ta da ribas."

"Ba ta da me?"

"Ba ta komawa baya."

Mai unguwa ya kama kunnensa. "Me ya ce?"

Wani mai ƙatuwar murya ya taimaka masa, yadda har na bakin kasuwa sai sun ji: "Ya ce motar ba ta komawa baya!"

Ban san wanda ya fara dariya ba, amma na san kakar ango ce ta fi kowa, har da zama a kan turmi. Na hango Binta ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ni da motar za mu shige.

Samari suka taru suka tura, ko gezau, tayoyin sun nutse a yashin da na ce ba ta sani ba. Aka yi la'asar ana raɓawa ta gefenta ɗaya bayan ɗaya, liman ma sai da ya tattare rigarsa. Bayan sallah aka kawo shanun huɗa daga gidaje, aka ɗaura musu igiyoyi a bayan motar. Haka suka ja ta da baya tun daga ƙofar gidan har bakin hanya, ina riƙe da sitiyari na zuro kai ta taga, masu shanu suna tsawa, mata suna rangaɗa guɗa, wayoyi a sama ana ɗauka. Kafin mu isa gida, Baba Alhaji ya riga ya kalla a waya. Da na je gaishe shi bai ce komai ba sai, "Sannu da ƙoƙari." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari na koma a bas da damin kara, na ɗaure musu dangarsu da hannuna. Kakar ango ta aiko mini da fura, ta ce a gaya wa direban soja ya sha ya ƙara ƙarfi.

Yaya Sani ya ce yanzu dai a kira 'yan gwangwan. Na ɗauki buhuna na fita. Sai da na kai har Kaduna, wajen wani mai tara tsofaffin ƙarafa, na yini ina tona a cikin tsatsa kafin na samo ƙarfen nan da haƙoransa cif. Yanzu motar tana dakon albasa da dawa zuwa kasuwar Ɗambatta, tana gaba tana baya yadda ake so. Duk da haka, in na tsaya a ko'ina sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Malam, a kawo shanu?"

Abin da na koya bai da yawa. In abinka yana da nakasa, faɗe ta da bakinka tun kuna ku biyu, domin in ka ɓoye, a gaban surukai za ka faɗe ta, kuma sai an sa ka maimaita. Sannan duk inda za ni yanzu, ko gidan biki ne ko taron siyasa, kafin in tambayi ta ina ake shiga sai na tambayi ta ina ake fita.