Soyayyar da Na Tura wa Guruf

Ni dai Larabcina na cefane ne, don haka hotuna kawai nake bi a labarin zanen Japan da na tsinta a waya an fassara shi da Larabci: saurayi da budurwa mai gashi har kafaɗa, ga kunya. Na tura wa guruf ɗinmu na matan unguwar Naseem a nan ƙasar Larabawa, har da murya: "Ku ga tarbiyya! Allah ya ba 'ya'yanmu irin wannan soyayya."

Can Hajiya Baraka, wadda ta iya karatu, ta kira ni: "Ke baiwar Allah, duka biyun fa maza ne."

An cire ni daga guruf. Falona da ke cika da ƙawaye yanzu wayam. In mun haɗu a kasuwar Aziziya kuwa, sai na ji: "Uwar amarya, yaushe biki?"