Mai Karanta Jini a Bakin Boda

Allah ya yi wa Jibiya baiwa da ya ba ta Malam Zunnuraini, ma'aikaci a wani ofishi na bakin boda. Kwas ɗin mako uku ya yi kan halayyar ɗan Adam, ya dawo da sani har yana zuba. Mu 'yan zaman benci muka raɗa masa Dakta Ƙwaƙwalwa, ya kuwa amsa ba kunya.

A wurinsa tarbiyya tatsuniya ce. Hali duk a jini yake, da jijiya, da ruwan ƙwaƙwalwa. Ya ce ɗan sumoga ko a buhu aka sa shi zai gane shi daga bugun zuciya. Mu ma ba mu da ta cewa, don har yaranmu muka riƙa kai masa yana latsa musu ƙeya.

Abu ɗaya ke hana shi sakat: kujerar mataimakin shugaban ofis, wadda sabon oga, Alhaji Lawwali, zai zaɓi wanda zai hau ta a makon nan.

Ranar kasuwa sai ga wata tsohuwa ta dawo daga biki a Maraɗi, ta biyo ta ofishin. Dakta ya tambaye ta wurin wa za ta. Ta ce wurin yaron nan. Wane yaro? Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi. Ko ɗan goye ya san uwa ba ta kama sunan ɗan fari, amma ba a koyar da wannan a kwas. Dakta ya kama hannunta yana duban agogo, ya aika a kira oga ya zo ya ga aiki. Mu kuma muka matso, sai ga oga ya iso.

"Ranka ya daɗe, dubi yadda ta kasa faɗin suna. Ƙwaƙwalwa ce ke ɓoye laifi. Irin wannan jini gadonsa ake yi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A kawo mini 'ya'yanta, in ban ciro ɓarawo ba a canja mini suna!"

Alhaji Lawwali ya tuɓe takalmi, ya durƙusa har ƙasa.

"Inna, kin iso lahiya?"

Tsohuwa ta kau da kai ta amsa wa iska. Oga ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya miƙa wa Dakta wuyan hannunsa.

"Ga babban nan. Fara da ni."