Kaina a Ƙarƙashin Sitiyari, Ƙafafuna a Titi

Ko zan manta da sunan makarantarmu, ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na toshe layinmu na unguwar Obiagu a Inugu da motar Baba ba, alhali ko tuƙi ban iya ba.

Babana fataucin shanu yake yi, yana kai wa mahautan Inugu. Yana da wata tsohuwar mota ruwan toka wadda ta girme ni (Mama ta ce ta girmi aurensu ma, Baba ya ce sharri ne). Motar tana da wata fitila ruwan lemo a gaban direba, mai kunna kanta duk sanda ta ga dama. Da Baba ya gaji da zaryar gareji, sai bakanikensa, Oga Emeka, ya samo masa wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana. A cusa ta a wani soket, ta haɗu da wayar hannu, ta faɗi abin da ke damun injin. Sharaɗi ɗaya ne: a cire ta in an gama, kada ta shanye batir.

Wanda ya ƙera motar nan, Allah ya yafe masa, can ƙarƙashin sitiyari ya ɓoye soket ɗin, inda ba ka ganinsa sai ka kwanta rigingine. Baba kuwa tun da wani bijimi ya haɗa shi da bango, bayansa ba ya lanƙwasuwa, ko sallah a kujera yake yi. Yayyena maza duk suna karatu a Kano. Saura ni, auta.

Don haka kullum da safe, kafin in tafi makaranta, sai in ji muryarsa daga ƙofar gida: "Uwata! Zo ki gaida tsohuwa." (Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa ba ya kiran sunana.) In zura wando a ƙarƙashin siket, in cusa kai cikin motar, ƙafafuna a waje. Shi kuma ya jingina da ƙofa yana jiran waya ta gama tunaninta, yana ta yi min tambayoyi. Wa aka zane jiya a aji? Har yanzu kuna gaba da Zainab? Ni kuma in yi ta zuba daga ƙasa, har da kwaikwayon muryar malamin lissafi, shi yana dariya yana riƙe baya.

Da ina ƙarama abin daɗi ne. Amma yanzu na shiga babbar sakandare, na fara sa hoda. Mama Nkechi mai sayar da okpa, alalar gurjiya, a bakin layi ba ta taɓa wucewa ba ta ce, "Small mechanic, good morning o!" Sunan ya bi ni har Islamiyya. Sai na yanke shawara: soket ɗin nan zai bar gidan haya na ƙasa, ya koma bene.

Na kalli bidiyo a wayar Mama har na ji kamar ni na ƙera motar. Ashe abin ba wuya. Akwai doguwar waya, bakinta ɗaya ya shiga tsohon soket, ɗayan a kawo shi inda hannu zai kai. Na lallaɓa Oga Emeka ya samo min ita a kasuwar kayan mota. Ya ce in bari ya zo ya sa da kansa. Na ce masa kada ya damu, na yi bincike. (Wallahi haka na ce, "bincike".)

Ranar Alhamis Baba na barcin azahar, na saci makulli. Na jona waya, na kawo bakinta kusa da giya, na manne da salatif. Sai dai wayar ta yi tsawo, tana reto wajen birki, kuma mutumin bidiyon ya yi gargaɗi sosai a kan haka. Ina dubawa sai ga wani ƙarfe santalele, ya sauko daga sitiyari ya shige ƙasan mota. Na naɗe ragowar wayar a jikinsa tsaf, yadda Mama ke naɗe igiyar shanya, na ƙara salatif don inganci. Ni a tunanina sitiyarin ne kaɗai ke juyawa, ƙarfen nan ado ne.

Ranar Juma'a Baba kan tafi masallaci da abokinsa Alhaji Sabo da Malam Hadi, malaminmu na Islamiyya. Na jira sai da suka hallara, na fito cikin sabuwar atamfata, ga lalle ɗanye shar. Na yi gyaran murya kamar mai buɗe asibiti.

"Baba, daga yau ka huta da kirana. Duba gefen giya."

Ya duba. Ya ɗauki 'yar na'urar, ya cusa da hannunsa yana zaune, wayarsa ta hannu ta yi ƙara. Alhaji Sabo ya buga cinya. "Kai! Alhaji, ashe injiniya kake ɓoyewa a gida?" Malam Hadi ya sa min albarka doguwa. Baba kuwa murmushi kawai ya yi, ya ce, "To, madalla." Ban kula ba, kaina ya riga ya kumbura ya fi ɗankwalina girma.

Ya tayar da mota, ya karya sitiyari zai hau layi. Da idona na ga soket ɗina ya ɓalle daga salatif, ya sulale da na'urar a bakinsa kamar maciji ya kama ɓera, ya shige ƙarƙashin sitiyari. Sitiyari ya ƙage. Ba dama, ba hagu. Baba ya taka birki, mota ta tsaya a gicciye, hancinta na shinshinar kwata.

Layinmu ko akuya biyu sai sun yi wa juna uzuri. Nan da nan masu keke-napep suka jeru gaba da baya, ana ta hon. Masu tafiya masallaci suka tsaya da dardumarsu a kafaɗa. Wani direban keke ya leƙo yana ihu, "Alhaji, abeg comot this thing!" Alhaji Sabo ya gwada sunkuyawa, tumbinsa ya ce bai san zancen ba. Aka dubi juna. Aka dube ni.

Haka na kwanta rigingine da sabuwar atamfata, gaban duk Obiagu, ƙafafuna masu lalle a titi. Muryar Mama Nkechi ta taso daga nesa: "Ah! Na small mechanic go save us!" Aka kwashe da dariya. Ina warware waya hawaye na gangarawa cikin kunnena.

Sai na ga haske ya ragu. Na ɗan leƙo. Baba ne ya fito, ya tsaya a bakin ƙofa ya juya wa jama'a baya, ya ware hannuwan babbar rigarsa, ya kare ni kaf. Ya ranƙwafo iya yadda bayansa ya yarda, ya ce a hankali, "Uwata, yi a sannu, huɗuba ba ta gudu. Wai ya kuka ƙare da Zainab?"

Na fashe da dariya da majina da komai. A nan ƙasa na ba shi labarin, har na kwance naɗin ƙarshe.

Washegari Oga Emeka ya zo ya yi aikin yadda ya kamata. Ya bi da wayar ta bayan robar gaban mota, nesa da duk wani abu mai motsi, ya ɗaure soket ɗin gefen giya da ƙusa. Ko jariri zai iya jonawa. Na ce shi ke nan, na yi ritaya.

Litinin da safe ina ɗaura takalmi, gidan ya yi min wani irin shiru. Na daɗe ina ɗaura igiyar da na riga na ɗaura. Sai na ji: "Uwata! Zo ki gaida tsohuwa."

Na same shi zaune a mota, na'urar a tafin hannunsa, soket ɗin na kallonsa. Ya ce, "Idona ba ya ganin ramin sosai." Mutumin da ke gane saniya marar lafiya daga ƙarshen kara! Na zagaya na zauna a kujerar gaba kamar Hajiya, na jona, na fara ba shi labarin malamin lissafi.

Abin da na koya dai: kafin ki ɗaure abu a jikin ƙarfe, ki tambaya ko yana juyawa. Kuma in tsoho ya ce ba ya gani, kada ki yi wani bincike. Je ki zauna kawai.