Saniya a Kan Layin Dogo

Wani ne a garinmu Altoona ya yi ritaya, ya zauna a gida ya zame wa matarsa Marlys ƙarfen ƙafa. Ta buɗe firji yana bayanta, ta rufe yana gabanta. Ranar da ya fara koya mata jera cokula, ta ajiye tsumma ta ce, "Ran Asabar ka tafi ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa. In sun karɓe ka, to. In sun ƙi, ƙungiyarmu ta ɗinkin bargo za ka shiga, ka riƙa zura mana zare a allura."

Bawan Allah ya tsorata. Asabar na yi, ta sauke shi a ƙofar tsohon siton da suke taruwa.

Ya tarar da tsofaffi riƙi-riƙi, kowa da tumbinsa da hular direba mai ratsi, sun kewaye wani makeken tebur. A kai ga duwatsun kwali, ga gada, ga gari har da coci, ga jirage kamar sandar burodi suna ta zagaye.

Ya ce, "Kai, kayan wasan nan sun yi kyau. Jikoki ne suka bar muku?"

Wani tsoho, Delbert, kofin da yake sha ya sarƙe shi.

Shugabansu Vernon, wanda ko amalanke bai taɓa tuƙawa ba, ya gyara hula ya ce, "Ɗan'uwa, nan ba a wasa. Layin dogo ne, ƙanƙanta kawai ya yi. Yau za mu gwada ka, in an tashi mu jefa ƙuri'a."

Aka ba shi jirgin kwal da akwatin tuƙi. Ya taɓa tafiya kaɗan, jar wuta ta tsayar da shi. Ya jira, ya jira. Ga tasha can yana kallonta, ko taku ɗaya ba ta kai ba. Sai ya sa hannu ya ɗauke jirgin, ya tsallakar da shi dutse, ya dire a tasha.

"Na iso," in ji shi. "Har na riga lokaci."

Delbert ya ce, "Sannu, sarkin ƙarfi. Ashe jirgin sama muka ba ka."

Vernon kuwa gemunsa har rawa yake. "Ka taɓa ganin mutum ya ɗaga jirgi da hannu? Duk abin da ke kan teburin nan na gaske ne. Ka ƙara taɓa wani abu, ka ga ƙofa."

Mutumin ya tuna allura, ya cusa hannu ɗaya a aljihu, ya rantse ya gane.

Aka ci gaba. Yana hawa gada sai ga 'yar saniyar roba, ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, ta faɗi a kan layi. Ya ja birki. Ya danna usur. Saniya ko gezau.

"Kai mai kwal, matsa mana," in ji Vernon daga can ƙarshen tebur. "Jirgin fasinja na tafe."

"Saniya ce a hanya, shugaba. Ina lallashinta."

Jirgin fasinjan nan na tagulla ne, Vernon ya fi kula da shi a kan haƙoransa. Jirgin ya shawo kwana a guje, ya daki na kwal, ya yi tsalle daga gada. Ta gaban cikin mutumin ya wuce, miƙa hannu kawai zai yi. Allah sarki, sai ya ja da baya ya ba shi hanya. Jirgi ya tarwatse a siminti.

Vernon ya durƙusa yana tsintar ƙafafun jirgi. "Me ya hana ka cafe shi?"

"In tare jirgi da ƙirji? Ina da iyali fa."

Delbert ya riƙe masa ƙofa.

A waje ya tarar da Marlys cikin mota, kwandon zare a kujerar baya. Ta ce, "To, maigida, sun karɓe ka ko kuwa?"

Ya cire hula ya dafe ta a ƙirji.

"Haba Marlys, ke ba ki da imani ne? Ko fasinjojin ba a binne ba, kina zancen ƙuri'a."