Gwiwar Farfesa Ganiyu

Allah ya jiƙan abokinmu Alhaji Ganiyu, fitilar unguwarmu ta Nima, mutumin da ya san jikin ɗan Adam fiye da mai jikin. Ba a taɓa yin masanin gaɓoɓi kamarsa ba, shi da bakinsa ya tabbatar mana. Ilimin ya same shi ne a Old Fadama, ranar da ya je neman ƙyauren mota wurin 'yan gwangwan, ya dawo da ƙwarangwal na roba mai hannu ɗaya. Ya rataye shi a shagonsa na tayoyi. Daga ranar muka koma kiransa Farfesa, shi kuwa bai taɓa jin zolaya a ciki ba.

Wanda ya zo sayen taya sai ya sha karatu kafin a ba shi.

"Gaɓa aji uku ce," in ji Farfesa, yana zungurar ƙwarangwal da sanda. "Akwai wadda ba ta motsi sam, irin ɗinkin ƙoƙon kai. Akwai mai motsi kaɗan da kunya, irin ta ƙashin baya. Sai 'yan yawo: kafaɗa da ƙugu, taɓarya ce cikin turmi, ko'ina suna juyawa. Ta wuya aikinta cewa a'a. Gwiwa kuwa ƙyauren ɗaki ce, buɗe da rufe. Kuma kowane ƙyaure, yawan buɗewa ke cinye shi."

Saboda haka ya shiga adana gwiwarsa. Ya kai kujera masallaci. Dattawan da kowa ke rusuna musu, shi yatsa biyu yake ɗaga musu. Ko carbinsa ya faɗi, sai ya tsaya a kansa har Allah ya kawo mai wucewa.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya: rawanin Sarkin Ɗori, don sunansa ya zauna a bakin mutane a matsayin malamin gaɓoɓi. Gaskiya ne bai taɓa ɗora ko ƙafar kaza ba, amma manya ba sa kallon irin waɗannan ƙananan abubuwa. Ya yi ta sintiri gidan sarkin unguwa har sarki ya gaji ya yarda. Sharaɗi ɗaya ne, wanda ke kan kowa: mai karɓar rawani a durƙushe yake karɓa.

Ranar naɗi Farfesa ya zo cikin babbar riga mai sitaci, ya fara da jawabi.

"Ranka ya daɗe, roƙona a kafa doka. Daga yau kada wani ya taɓa gaɓar wani a unguwar nan sai da izinin Sarkin Ɗori."

Sarki, da yunwa ta fara damunsa, ya ce an kafa.

Sai Farfesa ya tattara riga ya durƙusa. Aka ji ƙas, kamar an karya rake. Aka naɗa rawani, aka shafa fatiha, kowa ya miƙe. Ban da sabon sarki. Ya yunƙura, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba.

Wani mai ɗori, Maman, wanda ya zo kallo, ya matso. "Alhaji, ka ba ni izini in duba?"

"Wa ya ce maka ciwo ne?" in ji Farfesa, gumi na bin rawani. "Darasi nake bayarwa. Ku kalli yadda ƙyaure yake in an rufe shi."

Aka kalla har aka kira la'asar. Ba izini, ba mai taɓa gwiwa. Aka tare tasi, mutum a durƙushe da rawani ya ƙi shiga. Dole aka ɗauke shi ɗungurungum aka ɗora a bayan aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku da ke kwasar kaya, aka bi babban titi za a kai shi gida, cikin cunkoson motocin hayar nan trotro.

Nan fa Nima ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Ga Alhaji Ganiyu da sabon rawani, a durƙushe, yana wucewa gaban kowa a hankali. Masu koko da ƙosai suka ɗauka gaishe su yake. Wanzamai suka miƙe suna amsawa. Tsohuwa Lauratu mai wake da shinkafa ta share hawaye da bakin mayafi ta ce, "Wannan Alhaji yana da ladabi paa. Tashi haka, ɗana, ya isa!"

Ya buɗe baki zai yi bayanin aji na uku, hon ɗin trotro ya cinye maganar.

Makon jiya muka binne shi, har yanzu shayin safen da muke sha tare bai koma daɗinsa ba. A maƙabarta liman ya yi dogon wa'azi a kan tawali'u. Ya ce a yi koyi da marigayi, bawan Allah da ya zaga Nima a kan gwiwoyinsa ranar naɗinsa, yana gaida talakawa. Jama'a suka yi ta kuka. Ko mutum ɗaya bai ambaci gaɓa ba.

Da Farfesa na ji, wallahi da ya tashi ya gyara musu zance. In gwiwar ta yarda.