Kifin Da Ba Sabil Ba

Ba zan taɓa mantawa da soyayyen kifin Malaga ba, ko na so mantawa ma surukata ba za ta bari ba.

A unguwar Aziziyya ta Makka aka haife ni, kuma duk wanda ya tashi a Makka ya san sabil. Kana tafiya lokacin Hajji wani zai miƙo maka ruwa ko dabino ko ƙunshin shinkafa, ka karɓa ka ce jazakallahu khairan ka wuce. Ba a tambaya. Hannuna ya saba tun ina yaro, kafin in yi tunani ya riga ya karɓe.

To, bara na kai matata Samira da mahaifiyarta hutu Malaga, a ƙasar Sifen. Ita Hajiya tun aurenmu take ganin ban san komai ba sai tuƙin tasi daga unguwar Shisha zuwa Harami, don haka na ƙudura a wannan tafiyar zan wanke kaina. Muka shiga tsohuwar kasuwar abincinsu, ina gaba ina ta zuba bayani kamar ni na gina ta (sau ɗaya na taɓa ganinta, a waya).

Cikin cunkoso wata dattijuwa ta miƙo ƙananan kifaye masu zafi a ƙunshin takarda, daidai ƙirjina. Na karɓa, na zabga mata addu'a, har na juya na ce, "Tafaddali Hajiya. Kin gani? Su ma akwai alheri."

Hajiya ta ɗauki ɗaya ta kai baki. Sai Samira ta ja min riga. "Ya shek, dubi bayanka."

Wani tsoho ne da sanda, hannunsa a miƙe, yana kallon abincin ranarsa a bakin surukata. Ashe mijin matar ne, shi take miƙa wa, ni tsakaninsu kawai na tsaya. Innalillahi! Don ruɗewa sai na danƙa masa ƙunshin, har da wutsiyar da Hajiya ta mayar. Na sayo musu wani ina ba da haƙuri da Larabci, Hausa da hannu, dattijuwar na dariya har da hawaye.

Muka dawo Makka. Ranar Juma'a, falo cike da dangi, ta miƙa wa ɗanta shayi ta gabana, ta dube ni ta ce, "Wannan fa ba sabil ba ne."

Tun daga ranar, ko Samira ce ta miƙo min kofi a ɗakina, sai na waiga tukuna.